Tsagar da Na Shafe wa Mai Guga

Ni magini ne, ko in ce na taɓa zama, don yanzu gwiwa ta hana ni hawa tsani. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba ni da yawan magana. Amma abin da aka yi wa Mai Guga ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ɗakinta na kallon nawa a gidan hayar da muke, gida mai ɗaki goma sha ɗaya da banɗaki ɗaya. Shekara tara ta yi a ciki. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da dutsen guga ta riƙe su. Kullum za ka same ta tana hura gawayi, rigunan ma'aikata jibge a kan tebur. Ba ta taɓa mayar wa mutum riga da kari a karkace ba. Takan ce, "Baba, talauci ba ƙazanta ba ne."

Ɗakin kuwa sai dai a kira shi ɗaki. Tsaga ce a bangon baya tun daga sama har ƙasa, hannuna yana shiga cikinta. In ana ruwa, roba uku take jerawa, yaran su takure a lungu, kayan mutane kuma cikin leda a kan gado, don gara ita ta jiƙe.

Da gwamnati ta gina gidaje masu sauƙin haya a bayan gari, ta cika takarda. Shekara biyu tana zarya ofishin, har aka aiko cewa ranar Laraba mai duba gidaje zai zo ya ga inda take zaune.

Ranar Lahadi ta leƙo ɗakina.

"Baba, baƙo zan yi, mutumin gwamnati. Ka taimake ni da tsagar nan, kar ya shigo ya ɗauka ba mutane ne a ciki ba."

Na ce, "'Yar nan, ni da bangon duk tsufa ne ya kama mu, amma shi yana shafuwa."

Na kwaɓa siminti na toshe, na shafe, na bi da farin fenti. Ita kuma ta aro labule da kujeru biyu wajen matar tela, ta tura robobin ƙarƙashin gado, ta kawo katifun yara ɗakina, ta goge wa kowannensu riga.

Mai duban ya zo, yaro ne matashi da takalmi mai ƙyalli. Ya zauna a kujerar aro, ya sha ruwan sanyi.

"Kai, Mama, ɗakinki tsaf! Da kowa haka yake ai da mun huta."

Ita har da murmushi tana sa masa albarka. Minti biyar ya yi. Bai tambayi inda mutum biyar suke kwana ba. Bai ƙwanƙwasa bango ba. Warin sabon fenti ya cika masa hanci, bai ce me ake rufewa ba.

Da aka liƙa sunaye, babu nata. Na raka ta ofishin. Akawun da ke bayan taga ya buɗe fayil ya karanta mana: ɗaki mai kyau, ba yoyo, ba tsaga, ba cunkoso, ba ta cikin masu matsananciyar buƙata.

Na ce, "Ɗana, ni na shafe tsagar da hannuna. Ku zo ku ƙwanƙwasa ku ji."

"To, Baba, kun yaudari ma'aikaci ke nan. In na rubuta haka, cire ta za a yi gaba ɗaya. Ta sake nema bayan shekara uku. Na gaba!"

Ashe lalacewar ɗakin suke ba wa maki. Ba a rubuta a takarda ba, ba wanda ya faɗa mana. Masu ɗan'uwa a ofis su sun sani. Mai gyaran rediyo na ƙarshen layinmu ya sheƙa wa bangonsa bokitin ruwa da safen ranar, ga shi can yau a ɗaki biyu da famfo. Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda suka sa sai mutum ya zubar da mutuncinsa kafin su gan shi ne.

A hanyar komawa, da muka kusa gida ta ce, "Wato sai na tona wa kaina asiri kafin su yarda ina cikin wahala?"

Na ce bari in ɗauko guduma in farfasa shafen.

"Bar shi, Baba. Aikinka ya yi kyau."

Ni na san shafe ba ya riƙe bango. Da damina ta yi nisa bangon ya faɗi, da rana tsaka, Allah ya taimaka yara suna makaranta. Mai gidan hayar ya sa kwaɗo a ƙofar. Manyan biyu suna wajen yayanta, ɗaya wajen kakarsu, ita da autar suna kwana a shagon tela bayan an tashi. Har yanzu tana guga, har yanzu karin bai karkace ba.

Na tsinci ɓallen bangon mai fentina a jiki, na kai ofishin, na ajiye a kan tagar akawun. Mai gadi ya ce in kwashe sharata.

Na ce, "Ba shara ba ce. Ɗaki mai kyau ne, ku sa shi a fayil."

Kowace Laraba nake kai musu wani. Bangon da yawa, ni kuma ba inda za ni.