Malam Gwadabe da Faifan da Rana ta Lanƙwasa

Da an sallame asuba an taɓa lazimi, Malam Gwadabe yakan fito daga lungunsu ya gangara ɗan shagonsa da ke Jakara. Kafin 'yan kasuwar Kurmi su ɗage ƙyaurensu ya riga ya share ƙofa ya yayyafa ruwa. Ba ya karyawa sai ya zaro faifan garmaho guda daga jakarsa, ya ɗaga shi saitin haske, ya goge shi da ƙyalle mai laushi, ya mayar. Gobe kuma na kusa da shi. Gyaran garmaho ne sana'arsa tun yana saurayi, yau ga shi gemu ya yi fari fat. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma ni abin da ke ƙona mini rai, garin nan da ba ya gajiya da karrama masu babbar riga ko sannu bai ce masa ba. To ni zan ce.

Kiɗan da ya tara ba irin wanda ake sawa a gidan biki ko a cikin adaidaita sahu ba ne. Akwai wanda ake kira buluz, na baƙaƙen fatar Amurka, mutum ɗaya da jitarsa yana kuka da talauci da rabuwa. Malam ya ce ranar da ya fara jinsa ya ɗauka wani mai gurmi ne ya yi ɓatan kai. Akwai rokabili, mai sauri kamar an biyo makaɗin da sanda. Akwai kuma na gareji, wanda samari suka taru a ɗakin ajiye mota suka buga abinsu, babu gyara babu kwalliya. Yawancin mawaƙan nan faifai ɗaya suka yi suka ɓace, ko a ƙasarsu an manta da su. A gwanjo ya riƙa tsintarsu, da hannun baƙin malaman makaranta masu komawa gida.

Ya sha gori, ba kaɗan ba. Mai kiɗan aljanu suke ce masa. Amma duk wanda ya zauna da shi shaida ne, ladan yana gyara murya Malam zai ɗage allura, kuma sahun gaba ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne ke sa shi faɗa: ya ga an ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle. Sai ka ji ya ce, "Haba bawan Allah! Faifai ne ko gona, da za ka sa masa garma?"

Mu masu sauraro ba mu da yawa. Ran Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a kan benci, kuma babbanmu, kafin ciwo ya kwantar da shi, shi ne Alhaji Mukhtar na unguwar Dandalin Turawa, jikan fataken Tarabulus, abokin Malam tun ƙuruciya. Shi ma yana da nasa akwatin faya-fayan. Shekarun baya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta ɗauke, ya daina fita. Abin da ya rage masa a duniya, bayan carbi, faifai ɗaya ne na wani tsoho mai buluz. Kullum da yamma 'yarsa Mabruka takan sa masa. In aka sa zai ci abinci, in ba a sa ba sai ya juya fuska bango.

A daminar bana indararon soronsa ya toshe, ruwa ya zubo ya shiga akwatin. Mabruka, baiwar Allah, da kyakkyawar niyya ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta hau saman soro ta shanya su a rana yadda ake shanya barkono. Wa zai ga laifinta? A gidajenmu duk abin da ya jiƙe rana ake ba. Kafin azahar sun lanƙwashe, har da na tsohon nan mai buluz.

Ina shagon ta shigo da faifan naɗe a mayafinta, idonta jawur.

"Baba Gwadabe, na kashe Alhaji," in ji ta. "Tun shekaranjiya ko kunu ya ƙi karɓa. An duba a waya, an duba ko'ina, babu waƙar nan."

Malam ya karɓa ya juya shi a hankali. Ya ce, "Ba za a same ta ba, 'yata. Share hawayenki. Rana ce ta ɓata, ita za mu sa ta gyara."

Ga yadda yake yi, don kada abin ya tafi tare da shi. Yakan sa faifan tsakanin gilashi biyu masu kauri, ya ajiye a ranar hantsi, ba ta tsaka ba. Ba ya duba agogo, bayan hannunsa yake ɗorawa. Da ya ji ɗumin ya kai, sai ya kai shi cikin soro mai sanyi ya danne da dutsen niƙa, ya bar shi ya huce a kan kansa. Amma aikin yana da haɗari. Duk komawa rana tana cin layukan da muryar ke ciki, in aka zarce faifan zai miƙe sumul, waƙar kuma ta mutu.

Akwai kuma abin da duk muka sani muka yi shiru: kunnen Malam ya tafi. Leɓenmu yake kallo in muna magana. Ranar ne ya fara faɗa da bakinsa. Ya ce mini, "Ido yana ganin tudu, amma ba ya ganin inda murya ta karkace. Ni kuwa yanzu ko aradu sai dai in ji ta a ƙirji."

Na ce, "To ni in saurara maka mana, Malam."

Ya harare ni. "Kai? Bakano ne kai, kara za ka yi mini ka ce ya yi. Wanda ba zai yi mini kara ba shi ne mai faifan."

Haka ya kinkimi garmaho, ni ina biye da sifika, muka ratsa lunguna har gidan Alhaji. Bai zauna a kujerar da aka ba shi ba. Ƙasa ya zauna, dab da ƙafar Alhaji ta dama, wadda ke da lafiya. Ya san abokinsa: tun suna samari in kiɗa ya yi masa, da babban yatsan ƙafa yake bin sa. Ya saki allura ya zuba wa yatsan ido. Yatsa ya fara bugawa a kan tabarma, yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya cak, Alhaji ya yamutsa fuska. Malam ya ɗage allura, ya sa alli ya yi alama a gefen faifan. Ya tattara kayansa ya ce sai an kwana biyu.

Faifan ya koma rana, ya koma ƙarƙashin dutse, ya dawo. Yatsa ya wuce wurin farko ya tsaya a gaba. A tsakanin nan Alhaji yana ta ramewa, ɗan abin da yake karɓa sai ranar da Malam ya zo. Mabruka ta ce, "Baba, a bar shi haka, ai ana jin waƙar." Ya ce, "Ke kike ji. Shi bai ji ba tukuna." Ni kaina na tsorata, na ce masa in ya ƙara wallahi zai ƙone faifan. Bai musa ba. Ya ce saura ɗaya faifan zai iya ɗauka, kuma ranar ko gaisuwar masu wucewa bai amsa ba, hannunsa na kan gilashi.

Wata Laraba da yamma muka koma. Ya yi bisimilla ya saki allura. Tsohon nan mai buluz ya fara rera kukansa, yatsan Alhaji ya kama. Ya wuce alamar farko, ya wuce ta biyu. Ni da Mabruka muka zuba wa yatsan ido. Har waƙar ta ƙare yatsan bai tsaya ba. Malam bai san ta ƙare ba, yana nan sunkuye yana kallo, sai da Alhaji ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa masa kai. Sannan Alhaji ya nuna kwanon tuwon da ke gefe.

A hanya Malam ya ce mini, "Na rufe da wannan. Ban ji komai ba, amma na gani." Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Malam Gwadabe, kai ne ka riƙe amanar muryoyin mutanen da ba ka taɓa gani ba, waɗanda danginsu ma suka yar. Kai ne aka yi wa dariya ba ka rama ba, ba ka kuma fasa ba. Kai ne ka zauna a ƙasa da furfurarka don abokinka ya ci tuwo. Gwadabe hanyar kowa, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya, ya jiyar da kai abin da ya fi wannan daɗi a gidan gaskiya.

Ku kuma masu sana'a, manya da yara, ga abin koyi: kada ku miƙa aiki don mai shi ya yi muku kara, ku tsaya sai ya yi. Wanda duk ya bi ta Jakara kafin wata ya ƙare, ya ratse ya gaishe shi. In kun yi sallama bai amsa ba, kada ku ce wulaƙanci ne. Ku matsa kusa ku kama hannunsa.