Shayi Kofi Shida

Karimatu tana leƙen wani tsoho ɗan China ta gilashin ɗakin lacca a unguwar Whitechapel. Siriri ne, kansa fari fat, kwat ta yi masa yawa. Takardar ƙofa ta ce zai yi magana kan abin da jami'o'in China za su koya daga makarantun dā na masanin falsafa Konfushiyas, inda malami da ɗalibi ke cin abinci tare, suna muhawara.

Ya zuba shayi kofi shida. Ɗalibi ɗaya ne ya leƙo, shi ma ɗan China.

"Farfesa, akwai maki?"

"Babu."

Ɗalibin ya juya ya tafi.

Karimatu tana jin shekara arba'in tsohon ya yi yana koyarwa. Ga shi zaune shi kaɗai, yana shanye shayin kofi bayan kofi, kada ya huce.