Tsakar Gidan Siminti da Albashin Madam

Ni ba mai yawan dariya ba ce. Jikokina in sun ji tarina sukan gyara zama. Amma ranar da ɗiyata ta fari ta samu matirikil, lambar nan da ke maida malamar lakwal, wato makarantar boko, cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo su ga ko lafiya.

Shekara huɗu muna raɓe a ɗaki guda a gidan ƙanen mijina a Diffa, tun da muka baro gonarmu ta tattasai a bakin Komadugu. Ni da ita da marayunta biyu. Ta buɗe takarda ta karanta mini sabon albashinta. Na ce ta maimaita. Na auna shi da buhun tattasai, don ni da shi na san kuɗi, sai na ji kaina yana juyawa.

Ban shawarci kowa ba. Washegari tana aji na ja mayafi na tafi wurin wani Alhaji mai gidan haya: ɗaki biyu, pampo, kuran wato wutar lantarki, ga tsakar gida an shafe ta da siminti bango zuwa bango. Ya ce ma'aikatan agaji yake jira, su ba sa ciniki.

Na ce, "Alhaji, waɗannan gobe za su naɗe kayansu. Gwamnati kuwa ina za ta?"

Ya yi dariya ya ce a biya wata uku gaba. Na sayar da awakina da ƴan kunnena, na biya, na raba goron shaida gaban limamin unguwa. Ranar tashi na hau can saman kaya a amalanke, tsohuwa da ni, ina gaida har wanda ban sani ba. A sabon gida na buɗe pampo na rufe ya fi sau ashirin. Yaran suka tsaya suna kallona baki sake.

Ƙarshen wata Madam, haka unguwa ke kiranta, ta dawo daga banki ta ajiye kuɗi bisa tabarma.

Na ce, "Ke, ina sauran?"

"Su ke nan, Inna. An cire na ritaya, an cire haraji, banki ya ɗauki nasa. Wancan da kika ji na saman takarda ne. Wannan na ƙasa."

"To me ya hana ki karanta mini na ƙasan?"

"Kin bar ni na kai ƙasa? Guɗa kika fara!"

Na zauna ina lissafi. Haya kaɗai za ta cinye fiye da rabi, ga ruwa, ga kuran, ga hatsi. In wata ukun nan suka cika, amalanken da ya kawo mu shi zai maida mu, ta hanyar da na bi ina ɗaga wa mutane hannu. Kuma ni ce fa na yi shekaru ina noma, na san buhu ba ya isowa gida cikakke: man injin ban ruwa ya ci nasa, masu tsinka su ci, mai dako ya ci.

Bayan kwana biyu da azahar na fito alwala ba takalmi, siminti ya ƙona mini tafin ƙafa. Na yi tsalle. Na tsaya, na sake takawa da gangan. Sai dariya ta kama ni har na dafa bango.

"Inna, lafiya?"

"Cire takalminki ki taka!"

Duk wadda ta noma tattasai ta san ciwon shanya. A ƙasa ake baza shi, ya kwashi rairayi, akuya ta bi ta kai, mai saye ya ɗebi cikin hannu ya girgiza, ya ji rairayi ya karya kuɗin. Nan kuwa ba rairayi, ba akuya, ga bango ga ƙofa. Na tafi wurin matan garinmu da suka samu gonaki wajen Gagamari, muka shirya: su kawo ɗanye, in shanya in juya in tsare, cikin kowace tiya goma, ɗaya tawa.

Cikin mako tsakar gidan ta yi ja wur. Sai ta wata ƴar siririyar hanya muke bi zuwa pampo. Madam takan tafi lakwal ido jajur tana atishawa, yaran kuma na kafa musu doka, wanda ya taka ya kwana ba miya. Da tattasai ya fara ja baya na haɗa da kuɓewa da tumatir, rabona kuma ina sayarwa ina ƙulle kuɗin.

Ranar da wata uku suka cika Alhaji ya zo da kansa. Bai gama sallama ba atishawa ta sarƙe shi.

"Uwar Madam, gida na ba ki haya ko gona?"

"Siminti ka ba ni, Alhaji, har da ranar da ke dukansa."

Na kwance bakin zane na miƙa masa kuɗinsa cif. Ya ɗebi tattasan ya girgiza kusa da kunne, bai ji rairayi ba, ya ce a auna masa tiya biyu na gidansa. Na auna, na kuma karɓi kuɗina.

Har yau muna cikin gidan. In takarda ta zo daga gwamnati nakan sa Madam ta fara karantawa daga ƙasa, ni kuma in toshe bakina da mayafi sai ta gama.