Ƙullin Kemis da Wankan Jegon 'Yata

Assalamu alaikum edita da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina jinjina kai, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ma zan ba da nawa ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san ni a Azare za su gane ni ko ban faɗa ba, sauran kuwa labarin ya ishe su.

Lokacin da abin ya faru na ɗan haura shekara arba'in da biyar, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Duk unguwarmu an san ni da ƙarfi, ni ma kuma ina ji da shi, ba ƙarya. Ni ce mai tuƙa tunkuza a turmi in matse mai ba tare da na nemi mai kama mini ba, in ana biki kuwa ni ake miƙa wa muciya idan tuwo ya gagari 'yan mata. Har tsiya nake yi musu, in ce yaran yanzu shayi da burodi sun gama da su. Sai ga shi a hankali na fara tashi da safe in ji yatsuna sun sandare, ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Gwiwoyina suka biyo baya, in na yi sujada tashi ya zama aiki, sai na dafa bango. Na ce sanyi ne, zai wuce. Amma can ƙasan raina tsoro ne fal, domin na ga yadda ciwon gaɓɓai ya naɗe mahaifiyata a Katagum har ta koma salla a zaune, kullum kuma in na kalli hannuwana sai in ga kamar nata ne ke tahowa. Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana. A ganina ranar da na furta, ranar na zama tsohuwa.

Ina da 'ya'ya, amma labarin nan na 'yar farina ce. Gidanmu akwai jinin Fulani, kunyar ɗan fari kuwa ba wasa muke yi da ita ba. Ana yaye ta mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo ta ɗauke ta zuwa Katagum, a can ta girma, a can ta yi karatu, a can aka yi mata aure. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ban taɓa yi mata kitso ba, ita kuma Adda take ce mini kamar wata yayarta. Mutane suna yaba mini kawaici, ni kuwa Allah ne kaɗai ya san yadda nake jin yarinyar nan. In ta zo hutu sai in bi ta da ido ta bayan labule, in ta juyo in ɗaure fuska in aike ta ɗebo ruwa.

Ranar da labari ya iso mini cewa tana da ciki, ina tsakiyar suyar ƙuli, sai da kasko ɗaya ya ƙone ƙurmus don murna. Ba jikan kaɗai nake wa murna ba. A al'adarmu haihuwar fari gida ake dawo da yarinya wanka, ta zauna wurin uwarta har ta yi arba'in. Wannan ce kafa ɗaya tak da al'ada ta bar mini in sa hannuna a jikin 'yata, in dafa mata ruwa, in gasa mata jiki, in dama mata kunu, ba mai cewa na yi rashin kunya. Tun cikin bai tsufa ba na fara shiri kamar mai aurar da 'ya. Na sa aka jibge mini itace a bayan ɗaki, na sayi sabuwar tukunya babba, na daka yajin jego da kaina har atishawa ta kori kowa daga tsakar gida, na sa aka yi wa ɗakin kusa da nawa fenti. Maigidana yana dariya yana cewa in dai haka ne shi ma a haɗa da shi a jegon.

Ana cikin haka na je Katagum gaida Inna. Tsofaffi ba a ɓoye musu komai. Ta lura da yadda na karɓi kofin ruwa da hannu biyu, ta ga yadda na daɗe kafin in kai ƙasa in zauna. Sai ta ce mini, cikin lallashi, in dai jikina ba daɗi a bar yarinyar a wurinta, ga ƙanwarta nan gwaggonmu da sauran ƙarfinta, za ta yi wankan, ni kuma in riƙa zuwa dubawa. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce gajiyar mota ce kawai, lafiyata ƙalau. A hanyar dawowa Azare kuka na yi ta yi a cikin mayafi. An karɓe ta tana jaririya na yi shiru, yanzu kuma ciwo zai sake karɓe mini ita.

Wata abokiyar sana'ata ce ta ba ni labarin wani mai kemis da ke haɗa maganin sanyin ƙashi. Ƙwayoyi ne kala-kala, fari da ja da rawaya, an ɓare su daga kwalinsu an ƙulla a 'yar leda, ba suna ba komai. Ban tambayi mene ne a ciki ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Na sha ƙulli ɗaya, washegari na tashi na dunƙule hannu na buɗe, na sake dunƙulewa, ba ciwo ko ɗigo. Jama'a, ranar rawa na taka ni kaɗai a tsakar gida. Na yi sujada na miƙe tsaye cak kamar budurwa. Na koma turmina, na koma tsokanar 'yan mata. Bayan ɗan lokaci fuskata ta ciko ta yi tamtsan-tamtsan, mata suna ta cewa Hajiya kin yi ƙiba, kin yi kyau, wane sirri ne? Ni kuwa sai fari nake da ido ina cewa kwanciyar hankali ce. Da ƙulli ɗaya ya daina riƙe ni na koma biyu. Ƙishirwa ta dame ni, fitsari ba iyaka, cikina yana zafi kamar an zuba barkono, duk na ɗora wa zafin gari.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu 'ya mace. Ranar suna a Katagum na ci ado na shiga cikin masu aiki, na karɓi muciya, na sauke tukunya da kaina a daidai inda Inna za ta gan ni. Ta daɗe tana dubana. Washegari aka sako mini 'yata da jikata a mota muka taho Azare, ina riƙe da jaririyar a cinyata, bakina ya ƙi rufuwa har muka iso.

Kwanakin farko na wankan nan ba na jin zan sake ganin irinsu a duniya. Da asuba in hura wuta, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, in kai bayan gida, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, in tsoma ganye in riƙa fyaɗa mata a baya tana 'yar ƙara tana cewa Adda da zafi, ni kuwa ina ce mata raguwa. In mun fito in ba ta kunun kanwa da gasasshen nama da yaji, in wanke jaririya in shafe ta da mai. Da farko kunya muke ji, kowa na kallon gefe. Sannu a hankali hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin yarintarta, yadda suke satar hanya su je bakin kogi kallon masunta, da dukan da ta sha a kan haka, abubuwan da uwa ya kamata ta sani ni kuwa ban sani ba. Na yi mata kitso karon farko a rayuwata, kalaba ce ma, ba ta yi wani kyau ba, amma ta ƙi yarda a tsefe.

Ba mu kai rabin wankan ba maganina ya ƙare. Na aika kemis aka ce mai shagon ya yi tafiya, an rufe, ba wanda ya san abin da yake haɗawa. Na ce ba komai, zan daure. Ashe jikina ya riga ya dogara da ƙwayoyin nan. Ciwon ya dawo ya ninka na da, ga jiri, ga kasala kamar an zare mini laka, yatsuna suka kumbura suka ƙi dunƙuluwa. Da safen da abin zai faru maigidana ya ga yadda nake jan ƙafa, ya ce in bari a kira maƙwabciya ta kama mini. Na ce masa wankan 'yata ba mai taɓa mini shi. Na juye tafasasshen ruwa a bokiti, na ɗauka da ƙyar, na kai har bakin bayan gida inda take zaune tana jirana. A nan yatsuna suka buɗe da kansu, ban sake su ba, su suka sake. Ruwan ya kwarara a ƙafata, ya fallatsa ya sami ƙwaurinta. Ƙarar da ta yi ita ce abu na ƙarshe da na ji kafin in faɗi.

A asibiti na farfaɗo. Likitar da ta duba ni ta kalli fuskata kawai ta tambaye ni wane haɗi nake sha. Ta yi mini bayani cewa a cikin irin ƙullin nan akwai ƙwaya mai danne ciwo ta kumbura mutum, ƙibar da ake yaba mini ba ƙiba ba ce, kuma ita ce ta tayar mini da suga ta ƙona mini ciki. Ta ce maganin ba a shan shi barkatai, ba a kuma yanke shi rana ɗaya, Allah ne ya yi da sauran kwanana. Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne da ta ce ciwon gaɓɓaina amosani ne da ake iya lallaɓa shi shekara da shekaru in an zo da wuri, ba wai tsufa ne ya kama ni ba. Ƙunar ƙafata ta daɗe ba ta warke ba saboda sugan. Ta 'yata da sauƙi, an wanke an ɗaure mata a ranar.

Da aka sallame ni na tarar da Inna da gwaggo sun zo daga Katagum. Na san abin da ya kawo su. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce a haɗa kayan mai jego su koma da ita ta ƙarasa wankan a can, ni in ji da jinyata. Na sunkuyar da kai na ce to. Sai na ji muryar 'yata daga bakin ƙofa, yarinyar da ba ta taɓa musa wa Inna ba tun da aka haife ta.

"Inna, ki yi haƙuri, ba inda za ni. Tun ranar da na zo na ga ba ta da lafiya, na yi shiru don na ga tana murna. Gwaggo ta zauna ta dafa ruwan, amma a gidan uwata zan yi arba'in."

Inna ta dube ta, ta dube ni, sai ta ce wa gwaggo ta kwance kayanta. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta tafi inda za ta, na rushe da kuka a gaban kowa, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ga ƙafa a naɗe da bandeji amma ji nake kamar in tashi in yi guɗa.

Haka muka ƙarasa. Gwaggo ke dafa ruwa ta ɗauka, an kuma rage masa zafi kamar yadda likita ta ce. Ni ana ajiye mini kujera in zauna, ganyen dai ni ke riƙewa. Jaririya kuma a ɗora baho a kan benci, uwarta ta tallafe kai ni in wanke. In an gama, 'yata ta ɗebi sauran ruwan ɗumin a kwano ta tsoma hannuwana a ciki, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana murzawa da man gyaɗata, tana tsokanata wai yanzu wace ce raguwar. Na kira ta gida don in gasa mata jiki, sai ga shi ita ke gasa mini. Ranar arba'in da za a mayar da ita, ni na raka ta har Katagum da sandata, muna tafe muna hira kamar ƙawaye.

Yanzu ina zuwa asibiti a kan lokaci, ina shan maganin da na san sunansa, na ɗauki masu taya ni matsar mai, wata rana in yi salla a tsaye wata rana a zaune, ban kuwa ga abin da ya ragu a jikina ba. Jikata ta fara tafiya, in sun zo ita ke ɗauko mini sanda tana ja a ƙasa. Na gane cewa ba ciwon ne ya kusa raba ni da 'yata ba, ɓoye shi ne. Na ɗauka sai da ƙarfina za ta zauna wurina, ashe ita uwarta kawai take so, ko a kan kujera.

'Yan'uwana mata, musamman sa'o'ina da gwiwa ta fara yi wa ƙara, don Allah in jiki ya canza ku faɗa, ku je a duba ku. Kada ku sha ƙullin da ba ku san abin da ke ciki ba, ko da kun ga wata ta sha ta tashi tana rawa, ni ma na yi rawar. Neman a kama miki tukunya ba tsufa ba ne, ko ma tsufan ne ba abin kunya ba ne. Ni na tsira, 'yata ta yafe mini tun kafin in roƙa, amma har gobe in ta zauna ta miƙe ƙafa ina ganin tabon nan a ƙwaurinta, kuma na san hannun da ya yi shi.