Binciken Asali a Shekarar Fari

A shekarar farin nan da muka koma cin dusa da tafasa, wani saurayi daga wani ƙauye a bayan Tsanyawa ya fito neman auren ƙanwata. Ita ma tana sonsa, kowa a gidan ya sani. Baba ya ce ba zai ba da ita ba sai an binciko asalinsu. Ya ɗora aikin a kan yayarsa, Gwaggo, ni kuma aka ce in raka ta. Raina bai so ba. Ba yau ta fara rusa aure a danginmu da irin wannan bincike ba, kuma na zarge ta da gama yanke hukunci tun kafin ta ɗauki mayafi.

Daga Zakirai muka shiga bas zuwa Kano, muka canja wata mai bin hanyar Katsina. Gwaggo ba ta kallon mutane, ƙasa take kallo. In ta ga kukoki sun taru a fili babu gida, sai ta ce kufai ne, an yi gari an watse. Wajen Dawakin Tofa ta nuna min wani dogon tudu da awaki ke hawa, ta ce ragowar ganuwa ce, mutanen nan 'ya'yan gari ne tun kaka da kakanni. Ni dai haushi nake ji, na san wuƙarta take wasawa. Ko'ina a gonaki gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba.

Daga Tsanyawa muka taka a ƙafa. Muna hango ƙauyen ta rage sauri. Babu ganuwa, babu ko alamarta. A tsakiya akwai wani ƙaton soro da ya rushe, azara a waje, ƙananan gidaje sun kewaye shi. Gonar gabas kuwa fili guda ce shimfiɗeɗiya, ba a yayyanka ta da gamba kamar gonakin gado ba.

Ta ce a hankali, "Ka gani? Rinji ne. Wancan soron na ubangida ne, waɗannan kuwa jikokin bayin da suka noma masa gandu."

Na ce, "Gwaggo, wannan zance ai ya mutu tun kafin a haifi Baba."

Ta ce, "A bakinka ya mutu."

Muka yi sallama a gidan su yaron a matsayin matafiya masu neman wurin sallar azahar. Aka shigar da ita ciki, ni aka yi min shimfiɗa a zaure, aka kawo fura mai kauri ta gero zalla. Rabona da irinta har na manta. Gwaggo ba ta yarda ba, daga baya ta ce min ta ɗauka an tsegunta musu zuwanmu ne suka aro geron. Ta nemi buta ta zagaya baya. Ta kafar danga na hango ta tana bin rumbunansu ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasawa, kunnenta manne da bango.

A hanyar dawowa ƙonannun gonaki kawai take kallo. Ni kuwa ina ta shirya rashin kunyar da zan yi mata a gaban Baba.

Muka tarar da shi a kan tabarma. Ƙanwata na ɗaki, na ga ƙafarta a ƙasan labule.

Baba ya ce, "Yaya, me kika gano?"

Ta ce, "Rumbunansu cike suke. Da hannuna na ƙwanƙwasa."

"Asalinsu fa?"

Gwaggo ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Ta dubi murhunmu, wanda tun safe ba a hura ba.

Ta ce, "Manoma ne."

Baba ya yi fatauci a wannan yankin da ƙuruciyarsa, ba na jin akwai ƙauyen da bai san tushensa ba. Ya dube ta, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya ce a aika musu su turo magabatansu.

Na yi murna ƙwarai, amma har yau abin yana min ɗaci. Da an yi ruwa a daminar nan, da ƙanwata ba ta auri wanda take so ba.