Siririn Sautin Da Ya Ɓace Wa Mai Kunne

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin wani bawan Allah da har yau nake jin tausayinsa.

Mai Kunne ake ce masa a layin masu gyara. Shekara talatin yana haɗa wa mutane kayan kallo da sauti a falo: amfilifaya, sifiku, da ƙaramar na'urar nan mai tace sauti kafin ya isa amfilifaya. Sauran masu gyara sai sun auna sauti da mita. Shi kuwa kujera yake ja tsakiyar falo, ya rufe ido, yana murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan har ya ce, "Yauwa, nan ne." In ya faɗa, magana ta ƙare.

Bana ne al'amari ya fara rikicewa. Wani likitan haƙori da ya haɗa wa kaya ya shigo shago rungume da tasa na'urar.

"Malam, hoto kam tas. Amma in 'yan fim suka buɗe baki, kamar ana kankare tukunya da cokali. Matata har ciwon kai take yi."

Mai Kunne ya duba, ya ga maɓallin siririn sauti ya kusa ƙurewa. "Likita, yaranka sun yi wasa da ita."

"Waɗanne yara? A kabad take, makulli na aljihuna. Yadda ka bar ta, haka take."

Ya jona ta, ya rufe ido, ya saurara. Wallahi shi daidai ya ji ta. Likita kuwa yana gefe yana yamutsa fuska kamar shi ake cire wa haƙori.

Da ya koma gida da la'asar, ya zauna a ƙofar kicin, ya yi tagumi. Sai ga matarsa ta fito daga ɗaki da sauri.

"Haba Baban yara! Butar shayi tana ta yin fito tun ɗazu, kana zaune a gindinta? Ko jira kake ta kira sunanka?"

Ya kalli butar. Tururi na fita, murfi na rawa, amma fiton nan ko ɗis bai ji ba. Ashe siraran sautuka ne suka daɗe da gudu daga kunnensa, shi kuma yana ta ƙara su a na'urorin mutane don ya cike abin da shi kaɗai ya rasa.

Matar ta daina zolaya. "Tun bara nake lura," in ji ta a hankali. "Na rasa bakin faɗa maka."

Gida goma sha ɗaya ya yi wa aiki bana, likita ne kawai ya dawo. Sauran suna can suna haƙuri da ƙara, suna zargin kunnuwansu, tunda ai Mai Kunne ba ya kuskure. In ya bi su gida-gida ya rage maɓallin, kafin mako ya zagayo duk layi ya san dalili, kuma wa zai sake kiran mai gyaran sauti da ba ya ji?

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar gida na farko, yatsansa a kan ƙararrawa, bai danna ba.

Da kai ne, za ka danna?