Mizanin da Yake Tsayawa Salla

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa cin amanar dattijo saboda tsoron rana ba. Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani shagon gyaran kwamfuta a Gadarif, ana tsakiyar girbin dawa.

Wata babbar gona a Gadambaliya tana da mizanin auna manyan motoci, haɗe da tsohuwar kwamfuta. Kullum da azahar da la'asar sai lambobi su daskare, motoci su yi layi. Mudir, wato manajan gonar, ya rantse Baba Idrisu mai awo ne yake kashe ta don ya sha jabana, wato gahawa, a inuwa. Ya ba shi mako guda: ko ta gyaru, ko ya tattara nasa ya nasa.

Shagonmu ya tura ni. Sau biyu na je da safe, na duba, lafiya lau, na gudo kafin rana ta buɗe. Har na rubuta rahoto cewa laifin ba na na'ura ba ne, saura sa hannu.

Zuwa na uku Baba Idrisu ya riƙe mini jaka. "Ya ustaz, wallahi ba ka tafiya sai ka ci tuwon asida. Sau biyu kana kunyata ni."

Ina wanke hannu sai kwamfutar ta rangaɗa kiran salla. Ashe shi ya sa aka saka mata manhajar, don masallaci da nisa. Nan take lambobin suka tsaya cak.

"Ka gani?" in ji shi. "Mizanin nan musulmi ne. Na faɗa wa mudir, ya ce na raina shi."

Ga 'yan baya, bari in yi bayani. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta tana da layin da take kiran zuciyar tsarin, wadda muke ce wa kanel, idan tana son a saurare ta. Na buɗe jerin layukan, sai ga katin sauti da katin mizani sun gwamutse a layi ɗaya. Katin mizanin tsohon yayi ne, bai iya tarayya ba. Da ladan ya fara, kiraye-kiraye su yi yawa, kanel ta gaji ta toshe layin gaba ɗaya. Na zare katin sautin, na mayar da shi wani gurbi, kowa ya samu layinsa.

Da la'asar muka tsaya da mudir, ladan yana kira, lambobi suna gudu. Mudir ya sunkuyar da kai gaban Baba Idrisu. "Malesh, ya haj, ka yi haƙuri."

"Halas, ya wuce," in ji Baba Idrisu, ya juyo kaina. "Amma kai ka cuci mizanin nan. Yana sallarsa, ka zo ka lalata shi."

Ya kulle ɗakin awo, ya ɗauki buta. Mudir ya bi shi, motoci suka jira kamar kullum.

A hanyar gida na yaga rahoton, kunya kamar in nutse. Tun daga ranar ba na yanke wa na'ura hukunci sai na zauna har lokacin da ciwonta yake tashi. Kuma ba na raina maganar wanda yake wuni da ita, ko da ta yi kama da wasa.